Baba Ba Ya Gane Ni Sai Na Tsaya a Bahago

Wani ɗan'uwa ne ya turo mana wannan ta inbox, ya roƙi a sakaya sunansa. Yana da tsawo, amma a daure a karanta har ƙarshe kafin a yi sharhi.

Salama a gare ku 'yan'uwa, Kirista da Musulmi, manya da yara. Admin na gode da ka yarda ka ɗora ba tare da sunana ba, ko da yake na san duk wanda ya tashi a Kafanchan zai gane ni kafin ya kai rabi, idan ka gane ni ka taimaka ka bar shi a cikinka. Don Allah ku ba ni shawara, na daɗe ina juya maganar nan ni kaɗai, kuma duk wanda zan iya tambaya a kusa da ni ya riga ya ɗauki ɓangare.

Ni ɗan dambe ne, damben zamani na safar hannu da ringi, ba na gargajiya ba. Ina kuma aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a Kaduna, ina fassara labarai in karanta da Hausa, wannan aikin ne ke biya min hayar ɗaki a Sabon Tasha, don dambe a ƙasar nan bai cika ciyar da mai yinsa ba. Na kusa shekara talatin. A ofis har yanzu kallon yaro ake min, amma a dambe rana ta fara karkata.

Mahaifina ya yi suna ƙwarai a zamaninsa. Ma'aikacin reluwe ne, a can ya fara dambe, har ya kai ga ɗaukar bel na ƙasa, wato kambun zakaran dambe, ya riƙe shi shekaru. Ba zan faɗi laƙabinsa ba, zan ce masa Bahago, don da hannun hagu aka san shi. Har yau idan ka zauna wajen mai shayi kusa da tasha za ka samu dattijon da zai rantse maka yana wurin ranar da hagun Baba ya kwantar da wani ƙaton soja, zai ma miƙe ya gwada maka yadda aka yi, da kofi a hannu. Ni kuwa ba na jin akwai mutum goma a garin da suka san sunana na baftisma. Ɗan Bahago ake ce min, a kasuwa, a makaranta, har Fasto idan zai kira ni in yi karatu a coci.

Ga waɗanda ba su san dambe ba bari in yi ɗan bayani, don a nan matsalar take. Tsayuwa iri biyu ce. Mai dama yana sa ƙafar hagu gaba, hannun hagu yana gaba yana tsokana yana auna nisa, hannun dama yana baya yana jiran lokacin da zai kai naushi mai nauyi. Bahago akasin haka yake, ƙafar dama gaba, hagu a baya. Ƙa'idar ita ce hannunka mai ƙarfi shi ke zama a baya, don daga can yake ɗauko nauyin jiki gaba ɗaya.

Shekarar da Baba ya yi wa tsakar gidanmu siminti, kafin ya bushe sai ya cire takalmi ya taka, ya tsaya tsayuwarsa ta ringi, dama gaba, hagu baya. Mama ta yi ta faɗa wai ya ɓata mata daɓe. Sawun nan biyu suna nan har yau a gindin mangwaro, kuma a cikinsu na koyi dambe. Da farko ƙafa ɗaya kawai nake iya sawa, ɗayar ba ta kaiwa. Kowace safiya kafin makaranta yana tsayar da ni a wurin, ya sa pad a hannu, wato 'yan matasan fata da mai horarwa ke tare naushi da su, ya ce mu je. Idan na manta na sa ƙafar hagu gaba sai ya taɓa min ita da kara, ba duka ba, taɓawa kawai, ya ce a gidan nan ba ta nan ake shiga ba. Ranar da ƙafafuna suka cika sawun daidai, kaza ya yanka.

Na shiga dambe a matsayin bahago, kuma ban yi abin kunya ba. Ina cin ƙananan wasanni, ina faɗuwa a manya. Abin da ban iya faɗa wa kowa ba shi ne kullum ina jin ina makara. Ina ganin ƙofa ta buɗe a jikin abokin karawa, ina sanin abin da ya kamata in yi, amma kafin hagun ya isa ƙofar ta rufe. Kamar mai magana da harshen da ya koya a makaranta ne, komai daidai yake faɗa, sai dai yana fassarawa a kansa tukuna. Mutanen gari kuma sun gama yanke hukunci, yaron yana ƙoƙari amma bai kai ubansa ba. Mafi muni shi ne karawata da wani yaro daga Jos, zan ce masa Dogo, wanda ya ƙware wajen cin bahagwai. A turmi na biyu ya sa ni a ƙasa, na tashi, ya sake sa ni, alƙalin wasa ya tsayar. Baba yana kusurwata ranar. A mota muna dawowa daga Kaduna, sai da muka wuce Kachia muka kusa gida ya ce laifinsa ne, bai ƙara min gudu da safe ba.

Bayan wannan ne na koma Kaduna da zama, na samu aikin rediyo, na fara zuwa wani wurin horo a bayan garejin makanikai a Sabon Tasha, rumfar kwano ce da buhun naushi uku a rataye. Mai wurin tsohon soja ne mutumin Kujama, kowa Koci yake ce masa. Ya yi kwanaki yana kallona. Wata rana ina cire bandeji sai ya jefo min lemo ba zato, na cafe. Ya ce, "Kai, da wane hannu kake cin tuwo?" Na ce dama. "Rubutu fa?" Na ce dama. "In kare ya biyo ka, da wanne za ka jefe shi?" Na yi dariya na ce dama. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "To wane mugu ne ya karɓe maka bindiga ya ba ka sanda?" Na faɗa masa sunan mahaifina. Ya ɓare nasa lemon, sannan ya ce, "Na ga ubanka a ringi da idona. Allah ya yi guda ɗaya, ya gama. Juya ƙafarka mu gani."

Na juya. Naushin farko da na kai wa buhu da dama daga baya, makanikan da ke waje sai da suka leƙo. Ban taɓa sanin akwai wannan abin a jikina ba. Na koma ɗaki ranar na zauna a bakin katifa ina kallon hannuna, ba murna nake ba, ba baƙin ciki ba, kamar dai an ce maka gidan da kake haya tun tuni ashe naka ne.

Sake koyo bai zo da sauƙi ba, ya ɗauke ni fiye da shekara, don ƙafa tana da taurin kai fiye da hannu. Amma da na dawo ringi a tsayuwar dama ban sake faɗi ba. Na yi wasa a Abuja, na yi a Ilorin, na yi a Legas, wuraren da ba wanda ya damu da ko ɗan waye ni. Ina cin wasa in shiga mota in dawo, Litinin in zauna a gaban makirfo in karanta wa mutane farashin taki. A gida ban faɗa ba. Ba ƙarya na yi ba, idan Baba ya kira ya tambaya nakan ce na ci, ya ce da hagun ne, in ce Baba an dai ci wasan. Niyyata in bari sai na riƙo bel a hannu, in kai masa in ajiye a gabansa, sannan in yi bayani, don na san bel zai yi min rabin maganar.

Ina cikin wannan jiran ne Baba ya fara mantuwa. Da farko ƙananan abubuwa ne, ya ajiye rediyonsa a cikin kwandon citta ya yi ta nema, ya kira Mama da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Sai wata Lahadi ya fito daga sujada ya kasa gane hanyar gida, wani ɗan acaɓa ya tsince shi a kan layin dogo yana tafiya wai zai je aiki. Mun kai shi asibiti a Jos, likita ya ce shekaru ne da kuma dukan da kai ya sha a ringi, ya ce ba a warkewa, sai dai a lallaɓa. Yanzu idan na zo gida yana tarbata da ladabi sosai. Yakan miƙe ya ba ni kujerarsa ya ce, "Sannu da zuwa malam, daga ina?" Ya ce wa Mama a kawo wa baƙo ruwa. Mama ta taɓa kunna masa muryata a waya ina karanta labarai, ya saurara har ƙarshe ya ce mutumin nan Hausarsa ta fita.

Abu ɗaya ne ya rage. Da safe idan ya ɗauki pad ɗinsa ya fita gindin mangwaro, ni kuma na shiga cikin sawun nan na tsaya a bahago, sai fuskarsa ta dawo. Yana kirana da sunan gida, sunan yarenmu da shi kaɗai ke kirana da shi. Yana zagina kamar da, "Ɗaga hannu, ɗan banza, ka bar haɓa a waje kamar mai tallan ta." Hannuwansa ba su manta komai ba, sun fi na Koci sauri. Idan muka gama yakan ɗan jima a haka, mu zauna a benci yana haki, ya tambaye ni aiki, ya tambaye ni ko har yanzu ban samu wadda za ta yarda da wannan hancin ba. Kafin ya fito daga wanka hankalin ya sake tafiya, na koma malam daga ina. Saboda wannan ɗan lokacin nake shiga motar Kafanchan duk sati biyu. Ba ni da mata, abokaina na dambe abokan buhu ne, na ofis kuma ba su san komai a kan wannan ba. A duniya gaba ɗaya nan ne kawai ake kirana da wannan sunan.

Watanni kaɗan da suka wuce jikina ya ci amanata. Muna cikin horo Baba ya ɗaga pad da sauri a inda ban zata ba, ƙafafuna suka juya da kansu suka fita daga sawun, na saki dama. Ƙarar ta sa kaji suka watse. Baba ya ja baya, ya sauke hannuwansa a hankali, ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Kai ɗan waye?" Kafin in ba da amsa ya fara waige-waige, ya ce ina yarona, yanzu yake nan. Ya buɗe ƙofa ya fita titi da pad a hannu yana kiran sunana. Na bi shi na riƙe masa hannu ina cewa Baba ga ni, ya fizge ya ce malam sake ni, ɗana nake nema. Ya nufi wajen layin dogo, maƙwabta suka fito, Mama ta biyo mu ba ɗankwali. Da na rasa yadda zan yi sai na sha gabansa, a tsakiyar titi, kusa da mai tuyar ƙosai, na sa ƙafar dama gaba na ɗaga hannu na tsaya a bahago. Ya tsaya cak. Ya ce, "Ina ka shiga? Ka bar ni da baƙo." Muka koma gida yana riƙe da wuyan rigata kamar yaron da aka tsinto a kasuwa.

Mama ta ga naushin, kuma matar ɗan dambe ce, ba sai an yi mata bayani ba. Ranar mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ta ce na je Kaduna na sayar da abin da ubana ya ba ni. Ni kuma na ce ai ya san da dama nake cin abinci, ya san da dama nake rubutu, ya ɗauki shekarun da suka fi kyau a jikina ya kashe su don mutane su ci gaba da ganin hotonsa. A nan ne ta faɗa min abin da ban taɓa ji ba. Ta ce shi ma ba bahago aka haife shi ba. Yana saurayi yana koyon aiki a reluwe ƙarfen haɗa taragu ya matse masa hannun dama, yatsu biyu suka lalace, aka ce masa dambe ya ƙare. Shi kaɗai ya juya ƙafarsa a bayan rumfar gyaran jiragen ƙasa, ya koya wa hagu abin da dama ta sani. Yatsun nan biyu karkatattu na san su tun ina yaro, na ɗauka ringi ne ya yi musu haka. Ta ce tun ina ƙarami ta yi masa magana a kan hannuna, ya ce mata ba shi da gona, ba shi da shanu, wannan tsayuwar ita ce kaɗai abin da ya ƙera da kansa, ita zai bar min. Wato jinin bahago da gari ke ta faɗi babu shi. Rauni na gada, na yi shekaru ina ɗingishi a kan ƙafar da ba ta karye ba. Kuma mutumin da ya kamata in zauna da shi mu yi wannan maganar, in yi fushi, ya ba ni amsa, mu shirya, yana zaune a falo yana tambayar Mama ko baƙon zai kwana.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Wasu 'yan garinmu da Allah ya ɗaga sun shirya wasan dambe a Kafanchan lokacin Kirsimeti, don karrama Baba tun yana raye. Ni ne babban wasa. Wanda ya ci shi zai nemi bel na ƙasa, kuma abokin karawata Dogo ne, wanda ya sa ni a ƙasa. An riga an buga fosta, tsohon hoton Baba a gefe ɗaya, tsohon hotona a ɗaya gefen, dukanmu a bahago, an rubuta Bahago ya dawo gida. An ce za a sa wa Baba kujera a bakin ringi dab da kusurwata. Matan zumunta na cocinmu har sun fitar da anko. A shekaruna irin wannan damar ba ta zuwa sau biyu, kuma Baba bai taɓa ganina na yi babban wasa a garinmu ba.

Koci ya ce idan a bahago zan shiga to in nemi wanda zai riƙe min tawul, shi ba zai tsaya ya kalli ana fasa min kai ba. Ya ce Dogo bai manta hanyar haɓata ba, kuma makarar nan da nake yi a hagu ita ce ake biya da ƙwaƙwalwa, in duba ubana in gani. Ya ce a dama ina da kyakkyawar dama in ci, don Dogo bai taɓa karawa da ni a wannan tsayuwar ba. Maganarsa gaskiya ce, na auna ta ta kowane gefe ban samu inda ta karkace ba. Mama kuma ta ce ita ba ta damu da bel ba, ta ga bel, yana cikin akwati ɓeraye sun ci gefensa. Ta ce mijinta ya rasa sunan ƙauyensu, ya rasa sunanta, abu ɗaya ya rage masa a duniya da yake ganewa, ni kuma ina so in ɗauke shi a gaban dukan gari. Ta ce in ba shi yini ɗaya ya zauna ya ga ɗansa a ringin Kafanchan, ko na ci ko na faɗi, bayan haka in je in yi dambe da ƙafa ma in na so. Ita ma ban samu inda maganarta ta karkace ba. Na je wurin Fasto, ya saurare ni, ya yi min addu'a mai tsawo, ya ce Ubangiji zai nuna hanya. Da ya rako ni bakin ƙofa sai ya ce shi ma ya sayi tikiti, ya ƙosa ya sake ganin hagun nan.

Na yi tunanin in fara a bahago in juya daga baya. Koci ya ce Dogo a farkon wasa yake da haɗari, ba lallai in kai lokacin juyawar ba. Ko na kai ma, abin da ya faru a titi shi zai faru, Baba zai ga ɗansa ya ɓace a gabansa, ya miƙe da kiran sunana a cikin taron mutane, ni kuma ina sama ba halin in sauko. Na yi tunanin a bar shi a gida, amma taron nasa ne, don shi za a zo, kuma ban san da wane baki zan ce a kulle shi a ɗaki ranar da gari ya tuna da shi ba. Na yi tunanin in janye in ce na ji ciwo, to wannan kuma na rasa duka biyun ke nan. Akwai kuma wani tsoro da ban faɗa wa ko Mama ba. Likita ya ce firgita mai ƙarfi tana iya sa irin wannan ciwon ya yi tsalle gaba. Tun ranar titi, Baba yakan ɗan jima kafin ya gane ni ko da na shiga sawun. Idan ya sake rasa ni a gaban jama'a, da hayaniya da fitilu, ban sani ba ko gindin mangwaro zai sake dawo min da shi.

Satin da ya wuce na je gida da niyyar in tambaye shi da kansa, a cikin ɗan lokacin da yake nan. Muka yi horo, na kula da ƙafata sosai, muka zauna a benci. Ina neman ta inda zan fara sai shi ya riga ni. Ya kira sunana, ya matso kamar mai faɗin sirri, ya ce, "Yaron nan mai dama da ya zo rannan, ka san shi?" Na ce na san shi Baba. Ya ce, "Tun da nake riƙe pad ba a taɓa dukan hannuna haka ba. Har yanzu ina ji a kafaɗa." Ya murza yatsunsa biyu, sannan ya ce, "Kada ka ji haushi, kai ɗana ne, amma ya fi ka. In an haɗa ku wasa kada ka yarda." Na ce to Baba. Ya ce, "Ubansa ya yi sa'a. Ko waye, ya yi sa'a. Ka ce masa ya dawo in gyara masa ƙafa kaɗan, yaron nan zai ɗauki bel."

Tun ina sa ƙafa ɗaya a cikin sawun nan nake jiran in ji Baba ya faɗi haka a kaina. Ya faɗa, da bakinsa, ina zaune kusa da shi, kuma ba ni yake nufi ba. Na buɗe baki in ce ni ne, sai Mama ta kira shi ruwan wanka ya yi zafi, ya miƙe ya shiga. Da ya fito ya same ni a benci ya ce sannu malam, an ba ka ruwa kuwa.

'Yan'uwa, ban zo neman tausayi ba, kuma don Allah kada a zagi mahaifina ko mahaifiyata a sharhi, kowannensu abin da yake da shi ya bayar. Masu iyaye da suka tsufa, masu jinyar irin wannan ciwon, da waɗanda suka san dambe, ku nake so in ji. Ranar wasan ɗaya ne daga cikin yaran nan biyu zai hau ringi, kuma Baba zai kasance a kujerar gaba yana kallo. In hau a bahago, ya ga ɗansa, ya kira sunana, wataƙila ya ga an sake sa ni a ƙasa? Ko in hau a dama, ya ga yaron da ya ce zai ɗauki bel, ya tafa wa ɗan wani, yana waige yana neman nasa?

Idan ku ne, da wace ƙafa za ku shiga?